Shekarar da Na Hana Murtala Kifi

Bana ma ruwa ya shiga fadama. Tun makon jiya, in iska ta juyo daga wajen gulbi da hantsi, warin shinkafar da ta ruɓe a tsaye yakan iso har ƙofar gidana a unguwar Nasarawa. Baƙo zai ce mushe aka yar a bayan gari. Ina zaune a kan tabarma ina toshe hanci da bakin riga, sai ga wata mota da lasifika a kanta tana tafe a hankali, ana tallar maganin buɗe ƙwaƙwalwa ga ɗalibai masu shirin jarrabawa. Wai cokali ɗaya da safe, yaro ya haddace littafi kafin la'asar. Wani baƙin ruwa ne a cikin tsofaffin robobin lemo, kuma na ga magidanta da gemunsu suna tare motar suna saye.  Na yunƙura in yi musu magana, sai na koma na zauna, don ba ni da bakin yi.

Shekaru da yawa da suka wuce, ina da sauran ƙarfina, an yi damina irin wannan. Gonata tana fadamar Zauro. Shinkafa ta yi kyau a shekarar, ta fitar da kai, ta fara nuna, har muna maganar ranar yanka. Sai sama ta ɓalle. Aka yi kwanaki ba a ga rana ba, katangun ƙasa suna zubewa a unguwa, tufafi ba sa bushewa, ashana ba ta kamawa. Ranar da muka samu fita, muka tarar gulbi ya haɗe gonaki. Babu iyakar gonar kowa, sai ruwa ja shimfiɗe, kawunan shinkafa suna leƙowa nan da can.

Muka yi gayya, muka ari jirage wurin masunta. Mutum ya kwanta a bakin jirgi, ya tura hannu cikin ruwa har kafaɗa, ya lalubo shinkafa ya yanka da lauje. Inda ba zurfi mu sauka, ruwa iya ƙirji, matsattsaku suna manne mana a cinya. Yau gonar wannan, gobe ta wancan. Abin da muka tsamo muka kawo gida jiƙe, ga shi babu ranar shanya. Muka baza a zaure, a ɗakuna, har ƙarƙashin gado. Ba a jima ba ta fara tsiro, fararen saiwoyi kamar tsutsa, ta yi zafi daga ƙasa, ta yi funfuna. Mata suka turara abin da ya turaru. Tuwonta tsami gare shi da wani ɗaci a maƙogwaro, sai ka rufe ido kake haɗiyewa. Geron tudu kuma ruwa ya kwantar da shi. Da safe kunu ne tsararo wanda kana hango gindin kwano. Da rana kowa ya yi haƙuri. Da magariba a tuƙa wannan tuwon.

Abu ɗaya Allah ya sake mana a shekarar, kifi. Ruwan da ya ci shinkafa shi ya kawo shi har bakin gari. Tarwaɗa a kwalbati, karfasa a cikin gonaki, yara suna kamawa da hannu. Matata Kulu 'yar Argungu ce, gidansu masunta ne kaka da kakanni, ƙaninta Mani kuma yakan zo mana da kwando cike duk bayan 'yan kwanaki. Kulu ta kafa banda a tsakar gida, hayaƙi ba ya yankewa. Da kifin nan unguwa ta rayu. Yaran da suka fara ramewa suka murmure.

A wannan shekarar ce na hana ɗana Murtala cin kifi.

Murtala shi ne na uku a 'ya'yana, shi kaɗai ya kai ƙarshen sakandare. Burinsa makarantar koyon aikin asibiti. Ya zauna jarrabawar fita kafin damina ta kankama, ya faɗi a lissafi da kimiyya, ba da nisa ba. Akwai wata jarrabawar da ake sake zama bayan kaka. Na sa aka rubuta sunansa, na kuma gaya masa daga wannan babu wata, don ba zan iya sake biya ba. Shi ma ya sani. Lokaci kaɗan ne, littattafai da yawa, sai na ɗaura niyyar nemo masa hanyar da karatu zai shiga kansa da sauri.

Ni firamare ma ban gama ba aka cire ni. Amma a zauren mahaifina na tashi, inda malamai ke taruwa bayan la'asar, kuma a nan na ji ana cewa majina ce ke kawo mantuwa, majina kuwa daga yawan ci take, da yawan shan ruwa, da kifi, da nono mai tsami. Mai son karatu ya zauna masa, sai ya busar da kansa. Ina yaro na ji maganar, ina raɓe a bakin ƙofa, ban ji farkonta ba ban ji ƙarshenta ba, ban kuma taɓa tambayar kowa ba. Ban ce sun yi ƙarya ba. Su da ƙosassu suke magana, su kansu akushi na jiransu a cikin gida. Ni na ɗauko ta na ɗora wa yaro a shekarar yunwa.

Na tara iyalina na kafa doka. Ba kifi, ba romonsa, ba nono. Ruwa moɗa guda bayan abinci. Da safe ya lashi zuma a yatsa, da rana garin rogo a ɗan yayyafa masa ruwa, da magariba tuwo da miyar da za a yi masa daban a ƙaramar tukunya, kuka da gishiri da daddawa. Kulu ta dube ni.

"Malam, kihin ga shi kaɗai muka da shi. In an cire shi, mi ya rage?"

Na ce mata ita 'yar masunta ce, ba ta san sha'anin ilimi ba, ta tsaya ga tukunyarta.  Murtala kuwa, kansa a ƙasa ya ce to.

Na cire shi daga aikin gona ɗungurungum, ina ganin gata na yi masa. Na ba shi shagon ƙofar gida. Bangon shagon ya sha ruwa ya yi baƙi, rabin daɓen kuma shinkafar nan ce mai tsiro a baje, don babu wani wurin da za a kai ta. A cikin wannan warin yake wuni. In mun dawo sallar asuba ya shiga, ba ya fitowa sai alwala. Na kuma ce da ƙarfi zai riƙa karantawa, yadda muka yi a makarantar allo, ya maimaita shafi har ya zauna kafin ya juya. Turancina bai wuce na gaisuwa ba, saboda haka da kunne nake auna karatunsa. In murya na tashi, karatu na tafiya. In ta yi shiru, in buga ƙyauren da sanda. Ranakun da ba mu fita fadama ba, a zaure nake wuni ina gadinsa. Ko barcin rana na hana shi, dare kuma na rage masa.

Akwai abokinsa Latifu, ɗan Iya mai shagon kwanuka a bakin titi. Yarbawa ne, amma a nan aka haife shi, Hausarsa ta Kabanci ta fi tawa. Shi ma jarrabawar zai sake. Shi da wasu abokansa, su uku ko huɗu, sukan zauna gindin dalbejiya bayan la'asar da tsofaffin takardun tambayoyi. Ɗaya ya yi tambaya, ɗaya ya amsa da ka. In ya kuskure su yi masa dariya, su buɗe littafi su duba, su rufe. Bayan kwana biyu sai ka ji sun dawo kan tambayar da ta kayar da shi. Ba sa daɗewa, kafin magariba sun tashi sun tafi ƙwallo. In na wuce su tsaki nake yi. Wai karatu, littafi a rufe, baki a buɗe. Latifu ya zo ya durƙusa ya roƙe ni in bar Murtala ya riƙa zuwa ko na ɗan lokaci ne. Na ce ya tashi ya ba ni wuri, ɗana ba zaman hira ya zo yi duniya ba.

Haka muka ci sauran damina. Zuma ta ƙare, ban sami wata ba. Wuyan rigar Murtala ya yi masa yawa. Leɓensa ya tsattsage, gefen bakinsa ya yi fari, in ya miƙe daga zaune sai ya dafa bango. Yakan gaya wa uwarsa kansa na sara, ita ta gaya mini, ni kuma in ce karatu ne ke neman wurin zama. Muryarsa ta dushe ta koma kamar ta mai tallar da ya wuni a rana. Sau da yawa in na buga ƙyaure ba a amsa ba, in leƙa in tarar da shi ya kifa goshi a kan littafi, yawu ya jiƙa takarda, ƙudaje na bin bakinsa. In tashe shi in ce shaiɗan ne.

Kulu kuwa hannunta ya saba, in tana rabon kifi sai ta fitar da kason Murtala, sannan ta tuna. Kason nan kwanona yake zuwa. Ban taɓa mayarwa ba. A zaure nake ci, bango ɗaya tsakanina da shi. In kama kan tarwaɗa in tsotse, mai yana gangarowa har gwiwar hannu, in tara ƙaya a gefen tabarma, in yi gyatsa, shi kuwa yana ciki yana jan shafinsa da busasshen maƙoshi. A shekarar da kowa ya rame, ni har wuya na ajiye. Mani ya lura, kuma da yake ƙanin mata ne ba ya raga mini.

"Malam, mu da kihi anka yaye mu, ga shi ban taɓa mance hanyar gidanka ba. Kai kuma da kake cin rabo biyu, hala naka kan ya riga ya cika, ba ya tsoron majina."

Na yi dariya na ce ya ji da komarsa ta kamun kifi.

Ruwa ya janye ya bar laka mai wari da sauro. Saura 'yan kwanaki jarrabawa, Mani ya zo da hantsi da kwandon banda, Latifu ya taya shi ɗaukowa daga tasha. Suka same ni a zaure, murya na fitowa daga shago kamar kullum. Mani ya saurara, ya ce ai wannan waƙar tun zuwansa na baya ake rera ta, shi ma ya kusa iyawa. Kafin in hana shi ya tura ƙyauren, ya toshe hanci, ya jawo Murtala waje, ya karɓe littafin ya rufe ya miƙa wa Latifu, ya ce ya tambaye shi abin da ke cikin shafin, mu ji inda aka kwana.

Latifu bai so ba. Ya dube ni, na ɗaga masa kai, don ina da yaƙinin ɗana zai ba su kunya. Ya yi tambaya ɗaya da Turanci, sannan ya maimaita da Hausa don mu ji: ta wace hanya jini ke bi daga zuciya zuwa huhu ya dawo. Shafin ke nan da Murtala ke kai tun asuba.

Murtala ya tsaya yana ƙifta ido, hasken rana ya dame shi. Leɓensa na motsi, babu abin da ya fito. Can ya ce wa Latifu a hankali ya faɗa masa kalmar farko ta shafin. Da aka faɗa masa sai ya zuba kamar an buɗe famfo, tun daga sama har ƙasa, bai tsaya ba. Na gyara zama ina kallon Mani. Sai Latifu ya ce to, amsar tana cikin abin da ya faɗa yanzu, wace ce?  Murtala ya duba ƙasa, ya duba littafin da ke hannun abokinsa. Bai sani ba.

Mai hankali a nan zai gane. Ni abin da ya zo mini shi ne majina. Na ce a raina wani na ba shi kifi a ɓoye. Na tashi na kama hannunsa, a gaban kawunsa da abokinsa, na shinshina yatsunsa ɗaya bayan ɗaya kamar kare a bakin mahauta. Na ce ya buɗe baki ya huro mini. Ya buɗe. Babu ƙarnin komai, sai warin cikin da ba kowa a cikinsa. Duk da haka na shiga gida na tsaya a kan Kulu tana juya kifi a kan banda, na ce ta faɗa mini gaskiya tsakaninta da Allah. Ba ta ɗago ba.

"Na kai mishi, Malam. Duk ranar da ka tahi fadama sai na kai mishi, har roƙonshi na yi. Shi ya ƙi karɓa. Cewa yake Baba ya hana."

Daɗi na ji. Abin da na ji ke nan, daɗi, wai ina da ɗa mai biyayya. Na fito na ce ashe ruwa ne ya yi yawa, daga yau rabin moɗa, a kuma koma shafin daga farko. Latifu ya ajiye littafin a kan tabarma ya fita. Mani ya juye kwandonsa, ya wuce ko sallama bai yi mini ba, kuma ya yi shekaru bai sa hannu a kwanona ba.

Aka yi jarrabawa. Kullum Murtala ya dawo ya wuce shago ya kwanta. Ni bai gaya mini komai ba. Uwarsa ya gaya wa cewa in ya ga tambaya yana tuna gefen shafin da amsar take, yana ganin har zanen da ke kusa da ita, amma amsar ba ta zuwa. Ranar lissafi kuma jiri ya ɗebe shi, ya kifa kai ya huta kaɗan, sai ji ya yi ana karɓar takardu.

Sakamako ya fito da rani. Ya faɗi fiye da faɗuwar farko, har darussan da ya ci a da. Latifu ya ci, ya tafi makarantar da ɗana ke so. Mutane suka zo yi mini jaje, suna cewa ba kowane kai ne ke ɗaukar boko ba, kowa ya shaida irin tsaron da na yi wa yaron nan. Na karɓi maganar da hannu biyu, don ta yi mini daidai. Ni da bakina na riƙa faɗa a majalisa cewa na yi iyakar yina, kan ne ba na karatu ba, wani lokaci yana tsaye yana ji. Bai ƙara buɗe littafi ba. Ya tafi Ambursa ya koyi gyaran injin ban-ruwa, ya yi aure a can, ya zauna.

Ba rana ɗaya na gane ba. A hankali abin ya riƙa cina, bayan Kulu ta rasu ya ƙaru. Yanzu akwai jikata Zainabu, 'yar ƙaramin ɗana, a gidan nan take, ita ma jarrabawa ke gabanta. Takan karanta kaɗan, ta rufe littafin, ta faɗa wa awaki abin da ta tuna, ta buɗe ta duba inda ta kuskure. Ta ci ta ƙoshi, ta yi barcin rana, jibi ta dawo kan abin da ta yi yau. Ta ce haka malamarsu ta koya musu. Na zauna ina kallonta, na ga ashe zaman gindin dalbejiyar nan ne da nake yi wa tsaki.

Ran Juma'ar da ta wuce na hau babur na tafi Ambursa. Na tarar da Murtala a rumfarsa, injuna da ruwa ya shiga jere a gabansa, furfura ta cika masa gemu. Ya goge hannu, ya kakkaɓe mini benci, ya tsuguna. Na faɗa masa duka. Na ce ba kansa ba ne, ni ne. Na ce yunwa na sa shi da rashin barci, na hana shi zama da masu yin karatun gaskiya, na cinye rabonsa, sannan na ɗora masa sunan da ba nasa ba. Na ce ya yafe mini. Ya saurara har na gama, yana waiwayen masu jiran gyara.

"Baba, ku bar faɗin haka, mutane na ji. Wane uba ya yi abin da kunka yi? Kun bar aikinku kun tsare ni. Kaina ne ba ya riƙe karatu, kowa ya sani."

Na ce ba haka ba ne, na sake faɗa masa daga farko. Ya yi mini irin murmushin da ake yi wa tsohon da ya fara rikicewa, ya tambaye ni ko ina shan maganina. Sannan ya nuna mini babban ɗansa Aliyu, da kayan makaranta a jikinsa, yana wanke ƙarafa a cikin kwanon fetur a bayan rumfa.

"Ga wannan ma ni ya biyo, lissahi ya kayar da shi bana. Na ce mishi kar ya wahal da kai, abin a jini yake. In an yi hutu ba shi komawa, nan za shi zauna ya kama aiki."